Yadda ake kama hayar ofis a Abuja ba tare da haya ta cinye jari ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin hayar ofis a Abuja bai sake tsayawa wuri ɗaya ba. Siminti da rodi sun yi tsada, gine-gine da dama sun tsaya ba a ƙarasa ba, ofisoshi masu wuta da ruwa da wurin ajiye mota kuwa sun yi wa masu nema kaɗan. Ga yadda za ka bi.

Da farko, ka duba su wa za su riƙa zuwa wurinka. In aikinka na zirga-zirga ne tsakanin ma'aikatu, ka nemi Garki ko kusa da sakatariyar tarayya. In yawancin cinikinka ta waya ne, me zai kai ka biyan kuɗin Maitama ko Wuse 2? Ka leƙa Utako, Jabi da Gwarimpa.

Mataki na biyu shi ne takardu, kuma nan ne nake roƙonka kada ka yi garaje. Ka karɓi kwafin takardar mallakar filin, ka ba lauya ya bincika a ofishin AGIS, wato ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja. Abu biyu zai gano maka. Na ɗaya, ko filin na kasuwanci ne ko gidan zama ne aka mayar ofis ba da izini ba, domin irin waɗannan sun yi yawa a Wuse 2 da Maitama, kuma hukuma na iya rufe su. Na biyu, ko mai ginin yana biyan kuɗin ƙasa na shekara-shekara. A 2025 hukumar birnin tarayya ta soke takardun filaye 4,794 saboda wannan bashi, ta kuma garƙame wasu gine-ginen. Laifin na mai gini ne, amma kayan ɗan haya ne ke kwana a kulle.

Na uku, lissafi. Kuɗin da dillali ya faɗa maka somin-taɓi ne. Akwai la'adarsa, wadda galibi kashi 10 ce cikin ɗari, da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Babban cikinsu shi ne kuɗin hidima: dizal, masu gadi, shara, gyaran famfo. Tun Afrilun 2024, da aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit a lokacin, wannan ɓangare ya ƙara nauyi. Ka ce a nuna maka rasitan bara, ka kuma dage a ba ka mitarka kai kaɗai. Na taɓa raka ƙanina duba wani ofis da tsakar rana, aka ɗauke wuta muna bene na uku. Muka tsaya cikin zufa muna jiran janareta, sai maigadi ya ce ai sai 'yan haya sun haɗa kuɗin mai. Ka je da rana, ka yi hira da waɗanda ke ciki.

Na huɗu, ka yi ciniki. In an nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule, kai ma ka nemi ragi, ko a ba ka wata guda na gyara kafin haya ta fara ƙirguwa.

Daga nan sai yarjejeniya a rubuce. A sa yaushe za a iya ƙara haya da iyakar ƙarin, da wanda gyaran rufi da na'urar sanyaya ɗaki ke wuyansa. A dokar Abuja mai hayar shekara yana da notis na wata shida kafin a tashe shi, sai dai in takardar da ya sa wa hannu ta ce wani abu dabam, don haka ka karanta wannan layin da kyau. Kuɗin kuma ka tura ta banki, cikin asusun mai sunan da ke kan takardar mallaka ko wakilin da ya ba izini a rubuce.