Fabrairu a Ingila: ƙasa ta jiƙe, amma ajiye fartanyar tukuna

Duk wanda ya tashi a gidan manomi ya san abin da saukar ruwa ke nufi. Da an yi mai ƙarfi sau ɗaya ko biyu, laima ta shiga ƙasa kamu guda, sai a fito da iri tun da asuba. Da wannan tunanin na zo Manchesta, shi ne kuma ya jawo mini asarar farko. A watan Fabrairu aka miƙa mini mabuɗin lambun haya bayan na daɗe ina jiran layi. Na duba, ƙasa sharkaf, ciyawa kore shar, sanyin ma bai kai yadda aka tsorata ni ba. Na ce to, me ake jira? Asabar uku na yi ina kaftu da shebur, na zuba irin kuɓewa da alayyahu, na koma gida ina jin kaina sarkin noma.

Wani dattijo Bature da lambunsa ke jikin nawa ya yi ta kallona bai ce uffan ba, sai a Asabar ta uku ya ƙaraso. Ya ce in damƙi ƙasar in matse. Na matse, ta dunƙule kamar fura, tana sheƙi, ruwa na tsattsafowa ta tsakanin yatsuna. Ya nuna takalmina, kowace ƙafa da laka ta kai nauyin bulo. Ya ce, "In ta bi takalminka, koma gida ka sha shayi." Na ce, "Baba, a garinmu wannan ita ce ranar shuka." Dariya kawai ya yi. Ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba, duk sun ruɓe. Da Mayu ya zo, inda na tattaka ya bushe ya zama tubali, sai da na yi shekara ina zuba taki kafin ƙasar ta yafe mini.

Abin da ban gane ba shi ne, a gida ruwa ake jira, a nan kuwa ana jiran ƙasa ta tsane ta ɗau ɗumi. Ruwan ma ba wai ya fi namu yawa ba ne. Abin da ke sauka a Landan a shekara, wajen milimita 600, bai kai na Kano ba. Namu yana zuwa da ƙarfinsa cikin wata huɗu ko biyar, rana ta fito ta shanye. Nasu yayyafi ne marar ƙarewa, ga rana ba ƙarfi, ga ƙasar wurare da dama yumɓu ce mai riƙe ruwa. Iskar da ke tasowa daga Tekun Atlantika, wadda ta bi ta kan ruwa mai ɗumi, ita ce ke sassauta hunturun, ita ce kuma ke ɗauko hadarin. Fabrairun 2020 ya fi kowane Fabrairu ruwa a tarihin awon Birtaniya, na 2024 kuma ya fi kowanne ɗumi a Ingila da Wales. Irin wannan ɗumin shi ne tarkon baƙo: furanni su buɗe da wuri, ka zaci bazara ta kama, dare ɗaya a Afrilu raɓa ta daskare ta ƙone maka komai.

Lambun da nake magana a kai shi ne wanda suke kira alotmen, fili ne da ƙaramar hukuma ko wata ƙungiyar unguwa ke yankawa ta bayar haya a shekara. Tun dokar 1908 aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da shi idan jama'a sun nema. Cikakken yanki wajen murabba'in mita 250 ne, amma yanzu an fi ba da rabi, kuma rabin ya ishe ka, wallahi har ya yi maka yawa in kana aikin dare. Ka shiga shafin intanet na ƙaramar hukumarku ka rubuta sunanka a makon da ka samu adireshi, ko da ba ka shirya ba, domin layin yakan ɗauki shekaru. Amfanin na ci ne da kyauta, ba na kasuwa ba, kuma in ka bar shi ya zama daji za su aiko maka takarda su karɓe. Wasu wuraren suna barin a kiwata kaji, amma ban da zakara. Maƙwabta ba sa son mai tashe su da asuba.

To me ake yi a Fabrairu, tunda an ce kada a yi kaftu? Ka je ranar da ake ruwa, da takalmin roba mai dogon wuya, ka tsaya ka ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake gangarawa. Wannan kallon ya fi wata guda na aiki amfani. Inda ya kwanta, nan za ka ɗaga kunya, kuma a nan iliminmu na gida yana aiki sarai, sai dai manufar ta juya. Fangalin da muke yi a fadama don tare ruwa, a nan kifa shi za ka yi, shuka a tudu, hanya a kwari. In dole ne ka taka, shimfiɗa katako ka bi ta kai. Sauran filin ka rufe da kwalayen da shaguna ke zubarwa, ka cire musu salatif, ka zuba ruɓaɓɓen taki a sama. Ciyawa za ta mutu a ƙasa, tsutsar ƙasa, wato tana, kuma ta yi maka huɗar da ka so yi da shebur.

Tafarnuwa tana son sanyi, in ba a dasa ta a kaka ba ana iya yi yanzu a kunya mai tsanewa. Akwai wani babban wake mai faɗin ƙwaya da ke jure sanyi, shi ma ana shuka shi a 'yan tukwane. Dankalin Turawa kuwa, ka sayi na iri, ka jera a kiret ɗin ƙwai idanuwan suna kallon sama, ka ajiye a taga mai haske marar zafi. Zai fito da 'yan tsiro gajeru masu kauri, ka binne a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu.

Sai maganar abokin gaba. A gida fara da tsuntsu da akuyar maƙwabci muke tsoro. A nan wani dodon koɗi ne marar ƙoƙo, mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, wanda hunturu mai ɗumi da laima ke yi wa daɗi, don sanyin bai kai ya rage shi ba. Na taɓa dasa latas ashirin da yamma, da safe na tarar da kututture da layin yauƙi mai ƙyalli. Tsohon maganin da aka saba barbaɗawa, metaldihaid, an haramta shi tun Afrilun 2022 saboda yana cutar da tsuntsaye da bushiya, kada wani ya ba ka ragowar gwangwani ka karɓa. Akwai na sinadarin ƙarfe da aka yarda da shi. Ni dai abin da ya fi yi mini aiki shi ne tocilan da bokiti bayan sallar isha'i, da kuma barin dashe ya yi ƙwari a gida kafin in fitar da shi.

Kayan miyarmu fa? Attaruhu da tattasai yanzu ne lokacinsu, amma a cikin ɗaki. Attaruhu yana son ɗumin da ya kai digiri 25 kafin ya tsiro, yana iya yin mako uku shiru, kada ka zubar ka ce ya mutu. Tumatir ka bari sai Maris. Duk cikinsu babu mai fita waje a arewacin Ingila sai ƙarshen Mayu. Alayyahu yana yi sosai da bazara, ka nemi irinsa da sunan kalalu a wurin mutanen Jamaika, su ne suka riga mu gano hakan. Kuɓewa sai a ɗakin gilashi ko rumfar leda, ita ma da ƙyar. Zogale yana tashi a tukunya, hunturu ya kashe shi in ka bar shi waje. Kada kuma ka ce a ƙullo maka iri a cikin kaya daga gida, shigo da irin shuka yana buƙatar takardar shaidar lafiyar tsirrai, in babu ana iya ƙwacewa a filin jirgi.

Laimar nan ba a lambu ta tsaya ba, tana bin ka har ɗaki, kuma wannan ya fi batun latas muhimmanci. Mu da muka saba da hunturun gida, da mun ji sanyi sai mu toshe ko'ina, mu yi shanya a kan hita, mu ɗora tukunyar tuwo tana tururi. Da safe ka ga gilashin taga yana zufa, bayan mako biyu baƙar fumfuna ta fito a bayan kabad. Ka goge tagar kullum, ka buɗe ta ko na minti goma ne, ka rufe tukunya, ka ɗan janye gado daga bango. In ta ƙi tafiya, ɗauki hoto ka rubuta wa mai gida, kada kunyar baƙunta ta hana ka. A Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Rochdale nan kusa da mu sanadin fumfunar gidansu. Yanzu akwai doka mai sunansa da ta fara aiki a Oktoban 2025, wadda ta sa wa masu gidajen hukuma wa'adin bincike da gyara.

Rashin rana ma yana taɓa jiki da zuciya. Hukumar lafiya ta ƙasar tana ba da shawarar shan bitamin D, maikrogiram 10 a rana, lokacin kaka da hunturu, masu baƙar fata irinmu kuma duk shekara. Daɗin abin, a Fabrairu yini ya fara miƙewa, magaribar da ake yi kafin ƙarfe huɗu a Disamba tana kusantar shida a ƙarshen wata. Azumin 'yan shekarun nan ma a wannan tsakanin yake faɗowa, gajere, ba ƙishirwa, har mutum ya ji kunyar faɗa wa na gida.

Jiya na leƙa lambun. Ruwa na kwance a hanya, tafarnuwa ta fito tsawon yatsa, dattijon nan yana zaune a rumfarsa da kofin shayi. Na damƙi ƙasa na matse, ta dunƙule. Na ɗaga masa ita daga nesa, ya girgiza kai, ya nuna mini kujerar da ke gefensa.