Darasi na Bakwai: Tuƙi Cikin Maye, Hukuncinsa da Nauyin da Ke Kan Direba

Wannan darasi ya shafi duk wanda yake tuƙa abin hawa a kan titi, ko direban babbar mota ne, ko mai motar gida, ko ɗan acaɓa, ko mai adaidaita sahu. Zai bayyana abin da dokar Najeriya ta tanadar wa mutumin da aka kama yana tuƙi cikin maye a karo na farko, sannan ya yi magana a kan nauyin da yake rataye a wuyansa, wanda biyan tara ba ya sauke shi.

Abin da doka take kira maye

Mutane da yawa suna zaton cewa maganar tuƙi cikin maye ta shafi masu shan giya ne kawai, alhali dokar da take tafiyar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato dokar shekarar 2007, ta haɗa giya da ƙwaya a laifi guda. Abin da take dubawa shi ne ko abin da mutum ya sha ya kai ga hana shi sarrafa abin hawansa yadda ya kamata. Saboda haka wanda ya sha burkutu ko giyar leda a bakin tasha, da wanda ya haɗiyi tiramadol don ya kwana yana tafiya, da wanda ya sha kodin ko wiwi, duk matsayinsu ɗaya ne a wannan fuska. A garuruwanmu da dama, inda ba a sayar da giya a fili, ƙwaya ce ta fi yin ɓarna a tsakanin matasan direbobi, kuma abin takaici ne yadda wasu suke kiranta maganin gajiya.

Jami'an hukumar suna amfani da wata ƙaramar na'ura da ake hura wa iska don auna yawan barasar da ke jikin direba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar kada ma'aunin ya wuce giram 0.05 a cikin kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini ga direbobi gaba ɗaya, kada kuma ya wuce 0.02 ga matasa da sababbin direbobi. Wannan adadi ƙarami ne ƙwarai, har mutum yana iya haye shi alhali yana tafiya daidai, yana magana daidai, yana kuma rantsuwa cewa garau yake.

Dalilin tsanantawar yana cikin lissafi mai sauƙi. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan maye ya jinkirta taka birki da daƙiƙa ɗaya tak, motar ta riga ta wuce wurin da yaro yake tsallaka titi kafin ƙafar direba ta motsa. Barasa tana rage kaifin gani, tana ɓata ƙiyasin nisa, tana kuma sa mutum ya ji ƙarfin zuciyar da ba shi da tushe, shi ya sa mashayi yakan yi ƙoƙarin wuce tirela a kan kwana.

Abin da ke biyo bayan kamu

Idan jami'i ya tsayar da direba ya same shi cikin maye, zai rubuta masa takardar laifi, kuma ana iya riƙe motar da lasisinsa har sai an warware maganar. Tarar da aka rubuta a dokar 2007 ita ce naira 5,000, tare da makin laifi 5 da ake sanyawa a kan lasisin direba, kuma idan maki ya taru da yawa ana iya dakatar da lasisin ko a ƙwace shi. Ana biyan tara ne ta banki zuwa asusun gwamnati, a karɓi shaidar biya a adana ta. Miƙa wa jami'i kuɗi a hannu domin ya kau da kai wani laifi ne na daban, wanda yake ƙara wa mutum nauyi a kan wanda yake ɗauke da shi.

Kada mai karatu ya raina abin saboda ƙanƙantar tarar, domin dokar ta ba kotu ikon ɗaure mai wannan laifi har tsawon shekara biyu, ko ta haɗa masa tara da ɗauri. Ana iya gurfanar da shi a kotun majistare ko a kotun tafi-da-gidanka da hukumar kan kafa a bakin manyan hanyoyi. Alƙali yana iya sassautawa idan ya ga mutum bai taɓa aikata laifi ba, amma wannan sassauci ganin damar kotu ne, ba haƙƙin da mai laifi zai nema da ƙarfi ba ne. Idan kuwa tuƙin ya zama na ganganci, tararsa a dokar 2007 naira 50,000 ce, idan kuma an rasa rai, ɗaurin yana iya kaiwa shekara bakwai. Cewa da mutum zai yi bai san abin da ya yi ba domin yana cikin maye ba ya wanke shi a gaban shari'a, muddin da son ransa ya sha.

A jihohin da suka fara aiki da dokokin laifuka na shari'ar Musulunci tun daga shekarar 2000, kamar Zamfara da Kano, shan giya shi kansa laifi ne ga Musulmi ko da bai taɓa mota ba, kuma haddinsa bulala 80 ne.

Nauyin da tara ba ta ɗaukewa

Maganar da aka fi ji daga bakin wanda aka kama ita ce, "Ranka ya daɗe, wannan ne karo na farko, a yi mini afuwa." Gaskiyar magana ita ce sau da yawa karo na farko da aka kama shi ne, ba karo na farko da ya aikata ba. Ko da ma ya zama na farkon ne da gaske, wanda aka take bai san wannan bambanci ba, ƙafar da ta karye a karo na farko daidai take da wadda ta karye a karo na goma.

Direban haya yana ɗauke da amanar fasinjojin da suka biya kuɗinsu suka zauna a bayansa ba tare da sun san abin da ya sha ba, da amanar mai motar da yake jiran balas, da ta iyalinsa da suke ci daga guminsa. Kwanakin da mota ta yi a hannun hukuma kwanaki ne da babu ciniki, kuma mai mota ba ya sake miƙa makulli ga wanda aka taɓa kamawa a buge. Idan an yi ɓarna, waɗanda aka cutar suna da damar neman diyya a kotu, kamfanin inshora kuma yana iya ƙin biyan gyaran motar da aka lalata cikin maye. Ga Musulmi akwai ƙarin magana, domin aya ta 92 a cikin Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure biyan diyya ga iyalan mamaci tare da kaffara, wadda a yau take komawa ga azumin wata biyu a jere. Ana yawan cewa haɗari ƙaddara ce, amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mutum alhakin abin da ya zaɓa da hannunsa ba, kuma wanda ya sha sannan ya tayar da mota ya yi zaɓinsa tun kafin ya bar tasha.

Akwai wata ƙarya da ya kamata a daina yaɗawa, cewa cin goro, ko shan shayi mai kauri, ko watsa ruwan sanyi a ka yana kore maye. Hanta ce take tace barasa daga jini, tana kuma yin aikin ne a hankali cikin sa'o'i, babu abin da yake gaggauta ta. Wanda ya sha da yawa da dare yana iya wayar gari da sauran barasa a jikinsa.

Abin da ya kamata a yi

Wanda aka kama ya tsaya cikin ladabi, ya nuna takardunsa, ya amince a gwada shi, kada ya gudu kuma kada ya yi faɗa da jami'i. Idan bai iya karanta takardar da aka ba shi ba, ya nemi wanda ya amince da shi ya karanta masa kafin ya sa hannu, ya kuma halarci kotu a ranar da aka sa masa, tare da lauya idan lamarin ya yi tsanani. Idan haɗari ya auku, ya taimaka a kai waɗanda suka ji rauni asibiti, a kira hukumar a lamba 122, wadda kyauta ce. Wanda ya ga ya kasa barin abin da yake sha ya je asibiti ya faɗa wa likita gaskiya, domin kamuwa da shaye-shaye ciwo ne da ake yi wa magani. Fasinja ma yana da ikon sauka daga motar da ya ji warin giya a bakin direbanta, ya kuma sanar da shugabannin tasha kafin motar ta tashi.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya rubuta jimla uku a kan abin da zai faɗa wa ɗan'uwansa ko maƙwabcinsa idan ya gan shi zai tuƙa mota bayan ya sha abin maye. Daga nan a lissafa tare da malami mita nawa motar da take gudun kilomita 100 a awa za ta ci a cikin daƙiƙa uku.