Darasi na 7: Daga Kano zuwa Abuja a Jirgin Sama

A darasin da ya gabata mun koyi auna nisa da kilomita. Yau za mu ɗora wannan ilimi a kan tafiyar da mutane ke yi kullum: daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja.

Wanda ya hau mota zai bi ta Zariya da Kaduna, ya ci fiye da kilomita 400, domin hanya tana lanƙwasa tana ratsa garuruwa. Jirgi kuwa babu ruwansa da kwana ko gada. Tsakanin filayen biyu, miƙe sak, kusan kilomita 365 ne.

To, ku ɗauko alli mu yi lissafi. Babban jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana cin kusan kilomita 800 a awa ɗaya, wato minti 60. Rabin 800 shi ne 400, rabin 60 kuma 30. Ke nan kilomita 400 minti 30 ne. Tunda 365 bai kai 400 ba, amsarmu za ta tsaya wajen minti 27.

Amma ku duba tikiti, kusan awa ɗaya za ku ga an rubuta. Ina sauran mintocin suka shiga? Bayan an rufe ƙofa, jirgi yakan yi ta rarrafe a ƙasa kamar mota har ya kai bakin titinsa, wani lokaci ya tsaya jiran izini daga hasumiyar da ke kula da tashi da saukar jirage. Idan ya ɗaga, a hankali yake hawa. Bai daɗe da kaiwa sama ba za ku ji an ce a ɗaura bel, an fara gangarowa, gudu ya ragu. A gajeriyar tafiya irin wannan, hawa da sauka ne ke cinye yawancin lokaci.

Ga inda na fi so ku natsu. A yawancin tikiti ba a rubuta safe ko yamma, ana ƙirga awa ne har 24. Idan lambar farko ta haura 12, sai ku cire 12. Misali 14:30 na nufin ƙarfe 2 da rabi na rana, 07:15 kuma ƙarfe 7 da kwata na safe. Wannan lokaci na tashin jirgi ne, ba na isowarku ba. Akwai layin awon kaya, akwai nuna katin shaida, akwai bincike inda mutum zai zuba waya da makullai a faranti kafin ya wuce. Ku isa da awa biyu a hannu, ya fi kwanciyar hankali.

A lokacin hunturu hazo kan rufe sararin Kano har a jinkirta tashi, don haka kada ku ɗaura alƙawari dab da lokacin sauka. Filin Abuja ma yana bayan gari, sai an biyo ta Lugbe kafin a shiga.

Aikin gida: tikitin wata hajiya ya nuna 16:40. Ƙarfe nawa ke nan? Idan tana son isa fili da awa biyu kafin tashi, kuma daga gidanta tafiyar minti 30 ce, ƙarfe nawa za ta fito? Ku rubuta amsa a littafinku, ku zo da ita aji na gaba.