Bes ya ɓace a hedfon da amfilifaya? Ga inda za ka fara dubawa

'Yan'uwa masu ɗan situdiyo a shago, da masu haɗa waƙoƙin biki a laftof nan ƙauyukanmu na wajen Ringim, Gumel, Dambatta da sauransu, ƙorafin nan ya yi yawa. Mutum ya je Kano ya sayo ƙaramar amfilifaya ta kan tebur, ya jona hedfon, murya na fita amma bugun nan na ƙasa-ƙasa, wato bes, babu, sai kwaram-kwaram kamar ana dukan gwangwani. Nan take sai a ce an sayar masa da jabu. Gaskiya yawanci amfilifayar ba ruwanta, don haka ka fara bincike daga kunnenka kana komawa baya, ita ce ta ƙarshe da za ka taɓa.

Saka waƙar da ka san tana da bes, ka danna hedfon ɗin a kunnuwanka da tafin hannu biyu. In bugun ya dawo to sosonsa ne ya mutu. Bes yana son iska ta kulle tsakanin sifika da kunne, ko 'yar kafa ce ta samu sai ya zurare, kuma zafin Maris da Afrilu da gumi ba sa barin fatar soson nan ta yi ƙarko. Abin da mutane ba sa lura da shi ma, hula ko hirami ko ƙafar gilashi in suka shiga ƙarƙashin soson duk haka suke yi. Cire hular malam, ba wanda ke kallonka. In kuma naka mai raga ne a baya wanda na kusa da kai ke jin abin da kake ji, dama irinsu ba su cika bugu kamar rufaffu ba, haka aka ƙera su.

Sai jak, wato kan wayar hedfon da ake cusawa a rami, a nan ne aka fi samun ɓarna. Ramin amfilifaya yawanci babba ne 6.35mm, kan hedfon kuma ƙarami 3.5mm, dole sai da 'yar adafta, to ita ɗin in ta arha ce ko ba ka tura ta ta ce ƙas ba, wayar gindi wadda dama da hagu suka yi tarayya a kanta ba ta taɓawa. In ta saki, abin da zai iso kunnenka shi ne bambancin dama da hagu kawai, duk abin da aka ajiye a tsakiya ya tafi, kuma bes da muryar mawaƙi a tsakiya ake ajiye su. Alamarsa ke nan: bes ya ɓace, muryar ma ta koma can nesa, amma sauran kiɗan gefe suna nan. Ka duba kan jak ɗin kuma, in zobe uku ne baƙaƙe wato irin na waya mai makirfo, a wasu ramukan ba ya zama daidai, nemo adaftar da ke raba makirfo da kunne. Ƙurar hunturu ma tana cika ramin, kashe wuta ka goge da tsinke da 'yar auduga da ɗigon sifirit, ban da ruwa don Allah.

In an taɓa kai hedfon ɗin an ɗaura masa waya, wataƙila an juya wayoyin gefe ɗaya wajen dalma. Za ka ji sautin ya watse a kai ba shi da tsakiya. A mayar a juya su.

Daga nan koma kan laftof. Mayar da ikwalaiza, wato wurin ɗaga bes ko siririn sauti, daidai ba tudu ba kwari, ka kashe duk wasu ƙarin gyaran sauti na Windows, ka ɗaga ƙarar laftof ɗin kusan ƙarshe sannan ka riƙa ragewa da ƙarawa a jikin amfilifaya. Kuma kar ka yi gwaji da waƙar da aka ɗauka da makirfon waya a gaban sifikar biki aka turo ta WhatsApp, wannan tun asali babu bes a ciki, ba na'urar da za ta ƙirƙiro shi.

To yanzu maganar om, wato ma'aunin yadda na'ura ke tare wutar da ke bi ta cikinta, wadda masu sayarwa ba sa yi wa kowa bayani. A kwalin hedfon za ka ga 32 ko 80 ko 250 ko 300. Masu 250 zuwa sama suna son ƙarfi, in akwai maɓallin gain (na ƙara ƙarfin sauti) a amfilifayar ka mayar da shi babba, in ba haka ba sauti zai fito siriri. Masu 32 kuwa tasu matsalar daban, ka'idar da masu harkar ke bi ita ce om ɗin bakin amfilifaya kar ya wuce kashi ɗaya cikin 8 na hedfon, wato 4 ke nan ga mai 32. Tsofaffin manyan amfilifayoyin sifika, om ɗin ramin hedfon ɗinsu kan haura 100, shi ya sa bes ɗin kan fito amma a kumbure, guuum guuum ba kaifi ba tsari.

In duk wannan lafiya lau sai a zargi kafasita, 'yar batta mai ajiye wuta da ke cikin na'ura. Wasu ƙananan amfilifayoyi suna da ita a bakin fita, kuma ita da hedfon in sun haɗu suna datse sautin ƙasa. Kafasita mai girman 100uF da hedfon mai om 32 tana fara yanke sautin ƙasa daga wajajen 50Hz, in zafi ya busar da ita ta koma rabi yankan ya hau 100Hz, nan kuwa tsakiyar bugun ganga ne. Ka kai wa mai gyaran rediyo wanda ya san hannunsa, ya duba ko ta kumbura, ya sa 470uF mai boltej irin nata ko sama, ya kula da filas da mainos. Kar ka buɗe da kanka tana jone da wuta.

Wutar ma ka duba, bes ya fi komai jan wuta. In adaftar wuta ta asali ta ƙone kar ka ɗauko ta dikoda don kawai bakinta ya shiga, karanta rubutun bayan amfilifayar, boltej ya zama iri ɗaya, amfiya iri ɗaya ko fiye, kuma wasu AC suke ci ba DC ba. Masu sola, in batir ya yi ƙasa da dare za ka ji bugun yana fashewa in ka ƙure ƙara. Wannan zuuu ɗin da ke fita ko ba waƙa ba bes ba ne, kukan wuta ne daga inbata ko janareta, zare cajar laftof ka ji ko zai ɗauke.

In dole sai ka shiga kasuwar Farm Centre ko Sabon Gari a Kano, tafi da komai a jaka, hedfon da adaftocinka da wayoyin, a jona a gabanka da waƙar da ke cikin wayarka kafin ka biya ko sisi.