Yadda Ake Fentin Ƙananan Sojojin Wasan Tebur a Zafin Jidda

Yawancin samarinmu na Jidda da Makka da suka shiga wannan harka, ta hanyar wasan kwamfuta suka shigo. Wani ya buga Dawn of War da ya fito a 2004, wani Total War: Warhammer na 2016, na baya-bayan nan kuma Space Marine 2 na 2024 ne ya ja su. Daga nan sai mutum ya gano cewa asalin abin wasan tebur ne da kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar, Warhammer a 1983, Warhammer 40,000 a 1987, kuma sojojin ana sayensu ne a kwali, robobi masu launin toka, kai za ka haɗa, kai za ka yi musu fenti. Matsalar ita ce mafi yawan masu koyarwa a YouTube a ƙasashen sanyi suke zaune. Abin da suke yi cikin natsuwa a Nottingham ta Ingila, idan ka bi shi yadda yake a watan Agusta a Jidda, ɓata kaya za ka yi. Fentin ruwa da ake amfani da shi, wato akirilik, saurin bushewa gare shi ko a ina, balle a nan.

Kafin komai, akwai masu ƙin taɓa siffar mai rai saboda hukuncin mutum-mutumi, kuma wannan magana ce ta malamai, a kai musu ita. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da tankokin yaƙi da motoci da gine-gine. Wasan Flames of War na kamfanin Battlefront na New Zealand cike yake da tankokin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma duk abin da ke ƙasa yana aiki a kansu.

Kayan farawa ba su da yawa: filayar yanka mai lafaffen baki, wuƙar sana'a mai kaifi, gam, burushi biyu, da fenti kala shida zuwa takwas. Wuƙa da burushi da farin gam za ka samu a kantin Jarir. Fentin kuwa gara na ƙananan sojoji, Citadel na Games Workshop ko Vallejo na Sifaniya ko Army Painter na Denmark, don an yi su ne domin irin wannan ƙaramin aiki, suna rufe jiki ko an sirka su. Kada ka sayi burushi mafi ƙanƙanta da tunanin shi ne na aikin ƙananan zane. Mai lamba 1 ko 2 da tsini mai kyau ya fi, domin cikinsa na riƙe ruwa. Mai lamba 000 kafin ka kai shi jikin soja fentin ya bushe a bakinsa.

Sai yanka da haɗawa, don sassan sojan a manne suke zuwa a jikin wani firam na roba. Ka ɗora lafaffen gefen filaya a jikin abin, ka yanke nesa kaɗan, sannan ka sassaƙe ragowar da wuƙa. Za ka ga wani siririn layi ya zagaye hannu ko hula, wurin da ɓangarorin mazubi biyu suka haɗu. Kankare shi da bayan wuƙa, don fenti ba ya ɓoye shi, ƙara fito da shi yake. Roba ana haɗa ta da gam na roba irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, wanda ke narkar da fuskokin biyu su zama abu ɗaya. Sojojin ƙarfe da na rezin, wato wata irin roba mai tauri, ba ya kama su, sai sufa gulu. Idan rezin ne ka wanke shi da ruwan sabulu tukuna saboda maiƙon da ke fitowa da shi daga mazubi, kuma ka rufe hanci idan za ka goge shi, ƙurarsa ba ta shaƙa ba ce.

Yanzu fentin shimfiɗa, wanda shi ne ke ba sauran fenti wurin kamawa, kuma a nan yanayinmu ya fi cutar mutane. Idan ka fesa gwangwani cikin zafin rana, ɗigon fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai jikin sojan ya yi kaushi da tsakuwa-tsakuwa, duk ƙananan zane su toshe. A Riyad da Madina bushewar iska ce ke jawo haka. A Jidda kuma ga danshin teku a kai, wanda ke sa fenti ya daɗe yana danƙo ko ya yi hazo. Abin yi shi ne ka ajiye gwangwani da sojojin cikin ɗaki, ka girgiza gwangwanin minti biyu cur, ka fita bayan sallar asuba lokacin da gari bai ɗau zafi ba, ka fesa daga nisan taƙi ɗaya, gajeren feshi kana wucewa da hannu, ka koma da su ciki nan take su bushe. Ka fara gwadawa a kan ragowar firam ɗin roba. Idan ya fito sumul, ci gaba, idan ya yi kaushi, bari sai wata rana. Daga Disamba zuwa Fabrairu aikin ya fi sauƙi, shi ya sa masu wayo ke fesa rundunar shekara gaba ɗaya a lokacin. Ni dai na fi son na shafawa da burushi, irin Vallejo Surface Primer. Ana yin sa a ɗaki ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, babu ruwanka da yanayin waje, kuma kamfanonin aike sun fi yarda su ɗauko kwalba a jirgi a kan gwangwanin feshi. Kada ka bar gwangwani a mota. A jikinsa an rubuta kada ya wuce digiri 50, motar da aka ajiye a rana a nan kuwa tana wuce haka.

Launin shimfiɗa ya danganta da abin da kake so. Baƙi yana rufa wa sabon shiga asiri, don duk lungun da burushi bai kai ba sai ya zama inuwa. Fari ko ruwan ƙashi shi ake so ga launuka masu haske da fentin Contrast, wani fenti mai ruwa-ruwa da Citadel ta fitar a 2019.

Kafin ka buɗe kwalbar fenti ko ɗaya, haɗa jiƙaƙƙen faranti. A ƙasashen sanyi wasu na ɗaukarsa ƙarin jin daɗi, a nan dole ne, domin mukayyif tsotse danshin ɗaki yake, ɗigon fenti a busasshen faranti ba ya wuce 'yan mintoci. Samu robar abinci mai murfi mara zurfi, shimfiɗa soso siriri ko tishu mai kauri ninki huɗu, jiƙa shi sosai amma kada ruwa ya kwanta a sama, sannan ka ɗora takardar gashin kek, wadda ake samu a kowane babban kanti. Ruwan yana ratsowa a hankali, fentin ya zauna da laushinsa sa'o'i. Ka riƙa canza ruwan kana wanke soson, don a zafinmu wari da fumfuna ba sa jira. Kuma kada ka zauna daidai inda iskar mukayyif ke bugawa.

Fentin jiki shi ne zuciyar aikin, kuma doka ɗaya ce: a sirka. Ɗigon fenti, ɗan ruwa, har ya yi kaurin madarar shanu. Shafa ta farko za ta yi kamar ba ta rufe ba, har ka ji haushi. Ƙyale ta ta bushe, ka sake ta biyu. Abin da ke ɓata aiki shi ne komawa kan wurin da ya fara bushewa, sai burushi ya yage fatar fentin ya bar tabo, kuma a nan cikin daƙiƙoƙi wannan ke faruwa. Ka shafa ka wuce. Fara da abin da ke can ciki, fuska da riga, ka fito zuwa sulke da makami. Ka yawaita kurkure burushi, kada fenti ya hau har gindin gashi ya bushe, daga nan tsini ya tafi ke nan. Ka manna sojan a kan murfin kwalba da ɗan gam mai ɓamɓaruwa don kada gumin yatsa ya taɓa shi, sannan ka dafa gwiwar hannu a tebur, tafukan hannu biyu su jingina da juna, rawar hannu za ta ragu.

Bayan haka sai ruwan inuwa, fenti mai tsananin ruwa da ke gangarawa cikin lungu. A cikin na Citadel, Nuln Oil baƙi ne, na ƙarfe. Agrax Earthshade ruwan ƙasa ne, na fata da katako da tufa. Idan ya taru a wuri ɗaya, tsotse shi da burushi mai tsabta tun yana jiƙe, in ba haka ba zai bar zobe. Sai haskakawa da busasshen burushi: tsoma tsohon burushi a launi mai haske, goge shi a tishu har ya kusa daina bari, ka share saman jiki a hankali. Tudu ne kaɗai zai ɗauka. A tanki da duwatsu wannan dabarar kaɗai ta isa ta sa abu ya yi kyau a tebur.

Gindin da soja ke tsaye a kai bai kamata ya ci maka riyal ko ɗaya ba a ƙasar da yashi ya kewaye. Ɗebo, tankaɗe da rariya, wanke don gishiri da ƙura su fita, shanya, shafa farin gam a gindin, tsoma. In ya bushe ka yi masa fenti shi ma, don yashin gaske kusa da soja mai tsawon milimita 28 zuwa 32 ba ya kama da yashi.

Na ƙarshe banish mara ƙyalli, wato shafin da ke kare fenti, don sojan wasa hannu zai sha, ranar Juma'a da dare a istiraha, wato gidan shaƙatawa, ana ɗauka ana ajewa, ga shayi a gefe. Feshinsa a danshin Jidda yana iya rufe aikinka da farin hazo, don haka na burushi ya fi aminci, shafa ɗaya siririya. Idan kuma aikin bai yi maka ba, jiƙa sojan roba a barasar isopropyl ta kantin magani, ka goge da tsohon burushin haƙori, ka sake daga fentin shimfiɗa. Asiton, wato ruwan goge fentin farce, kada ya kusanci roba, narkar da ita yake.