Yanda Za Ka Fara Tara Duwatsun Ma'adinai, Kar Ido Ya Yaudare Ka

Dutse na farko da na taɓa tsinta da niyyar ajiyewa wani ɗan guntu ne mai ƙyalli kamar zinare, kusurwowinsa a miƙe tsaf kamar an yanka da inji, ni kuwa na kwana uku ina lissafin abin da zan yi da kuɗin. Ashe farait ne, wanda ake wa laƙabi da zinaren wawaye, kuma gaskiya sunan ya dace da ni a lokacin. Har yanzu yana nan a akwatina amma kar ka tambaye ni takamaiman inda na ɗauke shi don ban rubuta ba, kuma wannan rashin rubutawar ya fi min ciwo fiye da rashin zinaren.

Toh bari mu fara da kayan aiki tunda shi ne abin da kowa ke fara tambaya. Ba ka buƙatar da yawa. Guduma irin ta masu binciken ƙasa, mai baki ɗaya faffaɗa ɗaya tsini, kar ka ɗauko ta kafinta don ƙarfenta kan tsage ya yi tsalle idan ya haɗu da dutse mai tauri. Cizal ɗaya ko biyu, tabarau na kariya (wannan ba na ado ba ne, ɓarɓashin dutse ba ya sallama kafin ya shiga ido), safar hannu, ƙaramin madubin ƙara girma mai ninki 10, tsohuwar jarida ta naɗe duwatsu, maganaɗisu ƙarami, sai littafi da biro. Shikenan. Sauran gwaje-gwajen da abin da ke cikin gida za ka yi su.

Wajen nema kuwa, ka duba inda ƙasa ta buɗe cikinta: gefen hanyar da aka fasa dutse, gaɓar rafi bayan ruwa ya janye, tarin tarkacen da masu haƙa suka watsar a waje. Idan ka ga wata farar jijiya ta ratsa cikin dutse ka bi ta a hankali, galibi kwaz ne, wani ma'adini mai tauri mai kama da gilashi, kuma a inda jijiyar ta yi ɗan kogo nan ne ƙiristal ke samun sararin girma da fuskokinsa. Akwai kuma irin dutsen da ake kira fegmatait, ƙwayoyinsa manya-manya ne sosai, a cikinsa ake samun su maika da turmalin da beril. Amma ka nemi izinin mai wuri tukuna, ƙasashe da yawa ma sun hana ɗaukar ko da tsakuwa a wuraren da gwamnati ta keɓe, a Amurka misali laifi ne ka ɗauki dutse a gandun shaƙatawa na ƙasa. Tsohon ramin haƙa kuma kar ka shiga, ko me ka hango a ciki. Rufi na ruftawa, iska na ƙarewa, babu dutsen da ya kai haka.

Yanzu ga inda maganar take. Ka dawo gida da dutse, mene ne shi? Abu na farko da zuciya za ta ce maka shi ne ka duba launi, kuma launi shi ne babban maƙaryaci a wannan harka. Kwaz kaɗai yana zuwa fari tas kamar gilashi, yana zuwa shunayya da ake kira amatis, yana zuwa ruwan hoda, rawaya, har baƙi-baƙi kamar hayaƙi, duk kuma abu ɗaya ne, ɗan gurɓi ne kawai ya shiga ciki ya canza kala. Yakutu ja da safaya shuɗi ma'adini ɗaya ne, korandam. Zumurrudu da akwamarin duk beril ne. Ka ga kenan idan da ido za ka tafi ka ɓata tun a ƙofar gida. Ma'adinan da aka tantance a duniya sun haura 6,000, amma kar wannan ya tsorata ka, waɗanda za ka riƙa haɗuwa da su kullum ba su wuce ashirin ko talatin ba.

Gwajin tauri shi ne na ɗaya. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ne ya tsara ma'aunin a shekarar 1812, ya jera ma'adinai goma daga mafi laushi zuwa mafi tauri: talk 1, jifsum 2, kalsait 3, fulorait 4, afatait 5, otokilas 6, kwaz 7, tofaz 8, korandam 9, daimon 10. Ƙa'idar mai sauƙi ce, na sama yana karce na ƙasa. Ba sai ka mallaki duka goman ba, farcenka yana kusan 2.5, tagulla kusan 3, wuƙa ko gilashin kwalba kusan 5.5. Toh in farce ya karce shi ka san kana wajen jifsum ko talk, in wuƙa ta shige shi amma farce ya kasa kana tsakanin 3 da 5, in kuwa shi ne ya karce gilashi to ka doshi 6 zuwa sama. Abu biyu a nan da mutane ke kuskure. Na farko bayan ka karce ka goge wurin da ɗan yatsa mai yawu ka sake dubawa, sau da yawa abin da ka zata karce ne ashe garin wuƙar ne ko na dutsen ya kwanta a sama, da ka goge sai ya tafi. Na biyu ka yi gwajin a ƙasan dutsen ko bayansa, inda ba a gani, na taɓa ganin kyakkyawan fulorait kore da aka ja wa layi a tsakiyar fuska don gwaji, abin tausayi. Sannan ka sani lambobin nan jeri ne kawai ba awo ba, tazarar da ke tsakanin 9 da 10 ta fi duk sauran nisa, daimon ya ninka korandam tauri wajen sau huɗu.

Gwaji na biyu shi ne na zane, kuma shi na fi so don shi ne ya tona asirin zinarena. Ka samu ɓallen tayil fari, ka juya bayansa inda babu sheƙi, ka goga dutsen a kai kamar kana rubutu da alli. Launin garin da ya bari ba ya ƙarya ko da launin jikin dutsen ya yi. Farait yana barin layi baƙi mai ɗan kore-kore, zinare na gaske kuwa rawaya zai bari. Hematait ko da ya zo baƙi ƙirin mai sheƙin ƙarfe, layinsa ja ne mai duhu kamar tsatsa, magnetait kuma baƙi zai zana sannan ya kama maganaɗisu cak. Matsalar gwajin ɗaya ce, duk abin da ya fi tayil ɗin tauri, wato daga wajen 7 zuwa sama, ba zai bar gari ba sai dai ya karce maka tayil. Ƙarin bayani kan zinare tunda na san shi ne a ran mutane: in ka danna masa tsinin allura lotsawa zai yi kamar dalma, farait kuwa farfashewa yake ya zama gari.

Sai nauyi. Wani dutsen da ka ɗauka hannunka ne zai fara gaya maka akwai magana, ƙarami amma ya yi nauyin da bai dace da girmansa ba, irin su galina mai dalma a ciki ko barait. Amma akwai hanyar aunawa da ƙaramin sikelin dijital, kuma wallahi ranar da na fara gwada ta na ji kamar na buɗe ɗakin gwaje-gwaje. Ka auna dutsen a bushe ka rubuta, a ce giram 53. Ka ɗora kofi da ruwa a sikelin ka danna ya koma sifili, ka ɗaure dutsen da zare ka zura shi cikin ruwan ya nutse gaba ɗaya amma kar ya taɓa ƙasan kofin ko gefensa, hannunka na riƙe da zaren, ka karanta abin da sikeli ya nuna, a ce 20. Ka raba 53 da 20, ka samu 2.65, wannan kuwa lambar kwaz ce. Kalsait na wajen 2.7, fulorait 3.2, barait 4.5, farait 5, galina 7.5, zinare kuwa 19.3, ka ga tsakaninsa da farait ko kusa babu. Sai dai dutsen ya zama tsantsa ne, in rabinsa wani abu ne daban ya manne lissafin zai ruɗe.

Ka kuma lura da yanda yake fashewa. Maika ɓarewa take falle-falle kamar takarda, har da farce za ka ɗaga ta. Galina da gishirin dutse suna fashewa murabba'i-murabba'i, kalsait kuma kamar akwatin da aka tura ya karkace. Kwaz ba shi da wannan tsarin sam, fashewar kwalba yake yi mai lanƙwasa da kaifi, don haka ka kula da yatsu. Kwaz da kalsait su ne biyun da sabon shiga ya fi rikitawa don duk suna zuwa fari garai, amma raba su minti ɗaya ne: wuƙa na karce kalsait ba ta karce kwaz, kuma in ka kankaro ɗan garin kalsait ka ɗiga masa binega za ka ga yana kumfa a hankali, ka sa madubi ka gani. In kuma kalsait ɗin garai ne sosai ka ɗora shi kan rubutu, za ka ga kowane harafi ya zama biyu. Yara na son wannan ba kaɗan ba, manya ma haka.

Yanzu maganar takarda. Duk dutsen da ka ɗauka, tun a wurin kafin ka naɗe shi, ka rubuta inda ka samo shi dalla-dalla, ranar, da irin dutsen da yake ciki, in wayarka na ba da lambobin taswira ka haɗa da su ka kuma ɗauki hoto. Kar ka ce za ka tuna, ba za ka tuna ba, bayan wata shida duk sun zama 'yan uwan juna a idonka. Sunan ma'adini in ka yi kuskure wani masani zai gyara maka ko bayan shekara hamsin, amma wurin da aka samo shi in ya ɓata ya ɓata kenan, kuma a wajen masu tarawa na gaske dutse marar asali darajarsa ta faɗi warwas komai kyansa. Ni yanda nake yi, ɗan ɗigon farin fenti a ƙasan dutsen, in ya bushe na rubuta lamba, lambar nan kuma tana cikin littafi da cikakken bayani. In ka sayi dutse da tsohuwar takardarsa kar ka yar da ita ko ta yage, tarihinsa ce.

Tunda an zo kan saye, a intanet jabu ya yi yawa. Yawancin sitirin (wato kwaz rawaya) mai ruwan lemo-ƙone da ake tallatawa amatis ne aka gasa a wuta, za ka gane shi da farin gindi da kai mai duhu kamar an ƙona suga. Aget mai shuɗi ko hoda mai ɗaukar ido rini ne. Haulait fari ake rinawa a sayar a matsayin turkuwas. Ƙiristal ɗin ƙarfen bismut mai matakala da launin bakan gizo a tukunya ake yin sa, ba a ƙasa ba. In ka ga ƙananan kumfa zagayayyu a cikin wai kwaz, gilashi ne. Ba laifi ka saya in kana so, laifin a ɓoye maka. Tambaya ɗaya nake wa mai sayarwa, daga wace mahaƙa? Mai gaskiya zai ce maka amatis ɗin nan daga Artigas ne a Uruguwai, ko farait ɗin nan daga Navajún a Sifen, wanda kuwa ya fara kame-kame ko ya koma ba ka labarin dutsen yana jawo arziki yana maganin damuwa, ni dai a nan muke rabuwa, don ba a taɓa tabbatar da hakan a kimiyance ba.

Wanki kuma a bi a hankali. Ruwa da tsohon buroshin haƙori sun isar wa kwaz da yawancin masu tauri, amma gishirin dutse narkewa zai yi, jifsum ma ba ya son jiƙo, masu siraran allurai kuwa ko buroshi kar ya taɓa su, iska kawai za ka hura. Kullum ka gwada da mafi munin guntun tukuna. Wasu kuma guba ne a jikinsu: sinaba na ɗauke da makuri wato zaiba, riyalga da ofiment na da asanik, galina dalma. Ana ajiye su, amma ba a lasa, ba a niƙa, ba a shaƙar ƙurarsu, a wanke hannu bayan taɓawa, a kuma sa su inda yara ba sa kaiwa.

Wajen ajiya kowane dutse da ɗan kwalinsa, don in ka zuba su wuri ɗaya kwaz zai bi sauran ya kakkarce su. Amatis da fulorait da kwaz mai hoda kar su zauna a taga, rana na cinye launinsu sannu a hankali, riyalga ma haske kan mayar da shi gari rawaya. Farait kuwa danshi ne abokin gabarsa, in ka fara jin warin farar wuta a akwati ko ka ga wani farin gari a jikinsa da takardar ƙarƙashinsa ta yi ruwan ƙasa tana rububbugewa, to ya fara ruɓewa yana fitar da asid, ka ware shi nan take daga sauran, ka sa shi a roba mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa canza su duk bayan 'yan watanni.