Kurakuran da ke sa Bootstrap ya ƙi aiki

Wani maɓalli ne ya taɓa hana ni barci. Shafin intanet na wani mai shagon atamfa nake haɗawa da Bootstrap, wato tarin shiryayyun lambobin tsara shafi da ake ɗorawa a yi amfani da su, komai ya zauna daram a kwamfuta, amma a waya sai ka danna layukan nan uku na buɗe jerin shafuka, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na goge, na sake liƙawa, na rufe burauza na buɗe. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare na gano matsalar: fayil ɗin da na ɗora na Bootstrap 5 ne, lambobin da na kwafo daga wani tsohon darasi kuwa na Bootstrap 4 ne. A na huɗu data-toggle ake rubutawa, a na biyar data-bs-toggle. Haruffa biyu da ɗan layi suka cinye min dare.

Wannan cakuɗa tsoho da sabo ita ce ta fi kayar da masu koyo. Tun da Mark Otto da Jacob Thornton suka fitar da Bootstrap daga kamfanin Twitter a 2011, sunaye da yawa sun canja. Abin da ake kira img-responsive a na uku ya koma img-fluid. An daina col-xs tun na huɗu. A na biyar, wanda ya fito a 2021, an sallami jQuery, kayan aikin JavaScript (yaren da ke sa shafi ya amsa dannawa) da Bootstrap ke dogara da shi a da, sannan ml da mr, sunayen tazarar hagu da dama, suka koma ms da me, domin shafi ya iya juyawa ga rubutun da ake farawa daga dama, irin Larabci. Abin haushin shi ne burauza ba za ta yi ƙorafi ba, za ta yi biris ne kawai da sunan da ba ta sani ba. Kafin ka kwafi komai, dubi lambar sigar Bootstrap da ke jikin fayil ɗinka, ka buɗe bayanin wannan sigar. Ka kuma tabbata bootstrap.bundle.min.js ka ɗora, don shi ne ke ɗauke da Popper, wanda jerin zaɓi mai saukowa ke buƙata.

Sai batun raba shafi. Bootstrap yana kasa faɗin shafi gida 12, kuma tsarin hawa uku ne: container, a cikinsa row, a cikin row ɗin col. Mai gaggawa yakan tsallake ɗaya, sai shafi ya riƙa zamewa gefe a waya, ko rubutu ya manne da bakin allo. Wani kuma ya rubuta col-4 alhali col-md-4 yake nufi. Na farkon zai matse hotuna uku a jere ko da a ƙaramar waya, su zama kamar hoton fasfo. Na biyun sai faɗin allo ya kai fiksel 768 zai jera su, ƙasa da haka kowane ya hau kan ɗan'uwansa. Idan kuwa shafin gaba ɗaya ya fito mitsi-mitsi a waya, layin viewport, wanda ke sa shafi ya bi faɗin allon waya, ka manta a saman fayil ɗin shafin. Nan kusa da shi ka sa charset na utf-8, layin da ke gaya wa burauza tsarin haruffan shafin, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ na iya rikiɗewa su zama wasu alamomi.

Masu son canja launi kuma, na sha ganin fayil cike da !important, alamar tilasta umarni ya rinjayi saura, kamar an watsa gero. Yawanci dalilin ɗaya ne: sun sa nasu fayil ɗin CSS, mai ɗauke da umarnin launi da fasalin shafi, a sama da na Bootstrap, shi kuwa na ƙasa ne ke rinjaye idan ƙarfin umarnin ya zo ɗaya. Mayar da naka ƙasa. Kada kuma ka shiga cikin bootstrap.min.css kana gyara da hannu, ranar da ka sabunta duk wahalarka ta bi ruwa. In launin ne ya dame ka, canja $primary, sunan babban launin Bootstrap, ta hanyar Sass, yaren da ake samar da CSS ɗin Bootstrap daga gare shi, maɓallai da sauransu su bi sahu. Ni dai da na ga shuɗin nan na asali a shafi, na san mai shi bai taɓa komai ba.

Abin da ya rage nauyi ne. Fayil ɗin CSS na Bootstrap 5.3 shi kaɗai ya haura kilobayit 200 kafin sabar ta matse shi, kuma shafin shago ba ya amfani da ko rabinsa. Lokacin gwaji babu laifi ka jawo shi duka ta CDN, wato sabar waje da ke ajiye da fayil ɗin, don a nuna wa mai aiki samfuri yau-yau. Amma kafin a sake shi ga masu saye da ke lissafin data, ɗauko sassan da kake buƙata kawai ta Sass, ko ka sa PurgeCSS, kayan aikin da ke cire CSS ɗin da shafi ba ya amfani da shi, ya share sauran. Da PurgeCSS sai an lura: yakan share suna irin show, wanda JavaScript ke liƙawa bayan an danna, don haka sa shi a jerin waɗanda ba a taɓawa, sannan ka gwada maɓallin a wayarka.